Murhun Wankan Yaya

Ni na gina murhun da aka dafa wa Yaya ruwan wankan jego, da hannuna, har hoto na ɗauka a gefensa ina washe baki. Wata biyu bai cika ba bayan hoton nan muka ɗauko ta daga garinmu Aujara zuwa asibiti a Dutse, tana zaune a mota ko jingina ba ta iyawa, numfashi yana neman gagararta. Shekaru sun wuce, amma har yau in abin ya faɗo mini sai na miƙe tsaye, ko da abinci nake ci.

Lokacin ina aji biyu a jami'a, sashen bayoloji, ina zaune a gidan Kawu a unguwar Takur cikin Dutse. Ni dama ba ni da zama wuri ɗaya. Inna cewa take tun ina ciki ban bar ta ta huta ba. A gida kuwa sunana mai yanka kwaɗi, tun ranar da na yi suɓul da baka na faɗi abin da muke yi a ɗakin gwaji. Ko miya na yi gishiri ya yi yawa, sai a ce ai hannun ya saba da kwaɗo.

A zangon karatun nan akwai wani malami da ke koya mana muhalli da makamashi. Shi ya fara sa ni kallon itace da wani ido. Ya ce guntun icen da kika jefa a wuta hasken rana ne da ganye ya yi shekaru yana kamawa, yana haɗa shi da iska da ruwa, yana ajiyewa a jikin bishiya. Mu kuma sai mu ƙone shi kafin tuwo ya nuna, kuma a murhun duwatsu uku yawancin zafin ko tukunya ba ya taɓawa, ta gefe yake tserewa. Ya ce kowa ya je garinsu ya gina abin da zai rage cin itace, ya dawo da bayani. Tun kafin ya rufe baki na san inda zan gina nawa.

Yaya ita ce 'yar fari a gidanmu. Shekara bakwai tana aure a Kiyawa ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, sai ga ciki. Da ya shiga wata bakwai aka kawo ta gida goyon ciki. Inna ba ta kama sunanta, ba ta zama hira da ita, kunyar ɗan fari ke nan, sai dai ta ce yarinyar nan. Amma duk wanda ya san Inna ya san ba ta barci da ido biyu saboda yarinyar nan. Abin da ba za ta iya faɗa da baki ba sai ta zuba shi a shirin wanka. Ta tanadi kanwa, ta surfa gero, ta aika wa Gwaggo, yayar Baba, cewa ita za ta yi wa mai jego wanka.

Abu ɗaya ya tsaya mata a rai, itace. Dajin da Inna ta sani tana amarya ya zama gonaki, bishiyar da ta rage kuma kowace da mai ita. Matan unguwarmu da yawa sun koma wanka sau ɗaya a rana, wasu ma ba sa kaiwa arba'in. Inna ta ce ita dai tata 'yar ba za a bar ta da ɗanyen jiki ba, safe da yamma za a yi, kwana arba'in cif, ko da ƙofar ɗakinta za ta faskara.

Na ce, "Inna, ki bar ƙofarki. Da kara zan tafasa miki rabin duro."

Ta ce, "Allah ya sa ba da kwaɗo za ki hura ba."

Na kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayi da kashin jaki, na bar shi ya kwana biyu. Na gina murhun ya rungume gindin duron, na bar masa baki ɗan ƙarami da wata kafa a ƙasa inda iska za ta shiga, don wuta ba ta ci sai da iska. Kafin ya bushe na kasa haƙuri, kullum sai na je na danna shi da yatsa, har Gwaggo ta kore ni. Ranar da muka gwada, damin karan dawa bai ƙare ba ruwan ya fara tafarfasa. Inna ta tsaya ta riƙe haɓa. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo, wata ta ce in zo in gina mata, wata ta ce ashe bokon yana da rana. Kaina ya yi girma, ba na musu.

Yaya ta sauka lafiya a tsakiyar bazara, namiji. Aka fara wanka. Wanda bai taɓa gani ba, ga yadda yake. Ana tafasa ruwa da ganyen darbejiya, a kai bayan ɗaki yana tururi, Gwaggo ta tsoma damin ganye ta riƙa fyaɗa wa mai jego a ko'ina har jiki ya yi jawur. Tana fitowa a miƙa mata kwanon kunun kanwa da zafinsa, ta shanye, a bi da gasasshen nama da yaji. Dalilin duk wannan shi ne sanyi. Mun taso muna ji cewa haihuwa tana buɗe jikin mace, sanyi ya shige, in ba a gasa ta ba ta kumbura ko ta lalace. Inna ta yi, kakarmu ta yi, ni ma ban taɓa tambayar kaina komai a kai ba. Abin da nake kallo kawai shi ne dami nawa aka ƙona, minti nawa ruwa ya yi kafin ya tafasa.

Na zama 'yar hanya. Juma'a da yamma ina Aujara, Lahadi ina Takur, in ina can hankalina yana nan, in ina nan ina tunanin jarrabawa. A makaranta mun shiga darasin jini da zuciya. An kawo mana zuciyar rago daga mahauta, muka tsaga, na zura yatsa a ɗakunanta huɗu, na ji yadda bangon ɓangaren hagu ya fi kauri saboda shi ke tura jini ko'ina a jiki. Kafin nan mun jiƙa yankan dankali a ruwan gishiri mun ga ya yanƙwane, muka rubuta cewa ruwa gishiri yake bi. Na haddace duka, na zana, na samu maki mai kyau. Ko sau ɗaya ban kawo Yaya a raina ba.

A mako na uku na iso gida na tarar tana jan silifas ɗin Baba, nata sun ƙi shiga. Awarwaronta ya nutse a hannu. Da azahar kowa ya miƙe a tabarma saboda zafi, ita kuwa ta jingina da bango ta yi gyangyaɗi a zaune. Na ce ta kwanta mana. Ta ce in ta kwanta sai ta ji kamar an ɗora mata turmi a ƙirji, ga wani ɗan tari da ba ya fitar da komai.

Tari. Da jin haka sai na ce hayaƙi ne. Kwanakin nan ni komai hayaƙi ne a wurina, don mun karanta yadda yake shiga 'yan jakunkunan iska na huhu ya ɓata su. Na bazama na nemo tsohon bututun kwano, na fasa bayan murhun na dasa shi, na liƙe da laka, hayaƙi ya koma yana fita ta saman katanga. Yini guda na yi ina wannan, gumi har cikin ido, ina jin kaina wata babbar likita.

Inna da Gwaggo kuwa nasu lissafin daban. Gwaggo ta latsa ƙafar Yaya ta girgiza kai, ta ce sanyi ne ya samu hanya, wankan bai ratsa ba. Suka yanke a ƙara na tsakar rana ya zama uku, a ƙara kanwa a kunu har ya yi duhu. Ina tsugune ina shafe laka na ji Inna tana cewa, "A ƙara mana, tunda murhun Auta ba ya cin itace."

Daɗi na ji. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai, wallahi daɗi na ji, har na ɗago na yi murmushi.

Ranar Talata muna aji, malamar da ke koya mana aikin sassan jiki ta zo kan abin da ke faruwa in zuciya ta gaji. Ta zana a allo. Ta ce in ɓangaren hagu ya kasa tura jini yadda ya kamata, sai jinin ya taru a baya, ruwa ya tsattsafo cikin huhu, shi ya sa mutum ba ya iya kwanciya sai a zaune, ga busasshen tari. Ƙoda kuma ta ga jini ya ragu, ta ɗauka ruwa ne babu, sai ta riƙe gishiri, gishiri ya riƙe ruwa, ƙafa ta kumbura. Ta ɗaga ƙafarta kan kujera ta nuna mana inda ake dannawa a ƙauri. Ta ce in rami ya zauna bai ciko ba, ruwa ne. Sannan ta ce wannan yana samun wasu mata bayan haihuwa, kuma irin wannan mutum gishiri dafi ne a gare shi.

Na ɗaga hannu. Na ce, "Malama, kanwa fa?"

Ta ce, "Kanwa ai 'yar'uwar gishiri ce, sodiyam ne fal a cikinta. Me ya faru?"

Zumbur na miƙe na fice. Littafina ma a kan benci na bar shi, wata ƙawata ce ta kai mini Takur daga baya. Na tari acaɓa zuwa tasha, na tarar motar hanyar Jahun, wadda ke bi ta garinmu, saura mutum uku. Na shiga, na fito, na zagaya motar, na sake shiga. Na kira wayar Baba, a kashe. Na kira mijin Yaya, ya ce ai jiya ya je, an ce masa sanyi ne ana magani. Direba ya ce, "Hajiya, ki zauna mana, kin hana mu sakat." Na ce masa in ya ga dama ya tafi da kujeru uku a wofi, Allah zai cika masa. Bai tafi ba sai da ta cika. Duk inda aka tsaya sauke wani sai in ji kamar in fita in ci gaba da ƙafa.

Ana kiran la'asar na shiga gida. Murhuna yana ci gwanin sha'awa, duro yana tafasa, hayaƙi yana fita ta bututu yadda na tsara. Ko sallama ban tsaya an amsa ba na wuce ɗakin Yaya. Tana zaune bakin gado ta dafa gwiwoyi, kafaɗunta suna hawa suna sauka. Na durƙusa na danna ƙaurinta da babban yatsa, na ƙirga biyar, na ɗauke. Ramin ya zauna. Na jira, na jira, bai ciko ba.

Na fito tsakar gida na riƙa zaro kara daga murhun ina turmusa shi a ƙasa. Gwaggo ta fito da damin ganye a hannu ta ce, "Ke, lafiyarki?"

Na ce ba za a sake yi mata wanka ba, ba za ta sake shan kunun nan ba, asibiti za mu yanzu. Na soma bayani, ɓangaren hagu, ƙoda, sodiyam, ina yi ina haɗa Hausa da Turanci, ni kaina na san ba mai gane ni. Inna ta ajiye ludayi. Ba ta ɗaga murya ba, ita ba ta yi. Ta ce ta haife mu mu shida, kowanne da wankan nan ta tashi, ga ta tsaye. Ta ce mai jego ba ta taka ƙofar gida kafin arba'in, balle a ɗora ta a mota iska ta buge ta. Ta ce, "Makon jiya kin ce hayaƙi ne. Yau kuma kanwa. Gobe me za su koya miki?"

Gaskiya ta faɗa. Sai kuka, irin na haushi, ina tsaye da guntun kara yana hayaƙi a hannuna.

A haka Baba ya shigo daga masallaci. Shi malamin allo ne, mai sanyin magana, kuma shi ma yana kunyar 'yar fari, ba ya shiga ɗakin da take. Ya saurari Inna, ya saurare ni. Ya je ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin Yaya, bayan labule, ya ce da ita, "Karanta mini Fatiha."

Yaya ce ta fi mu duka karatu. Tana yarinya takan ja doguwar aya da numfashi ɗaya har Baba ya riƙa kafa misali da ita. Ta yi bisimilla, ta tsaya. Ta kama aya ta biyu, a tsakiya ta yanke, muna jin yadda take jawo iska. Ba ta kai ta huɗu ba tari ya sarƙe ta.

Baba ya juyo ya ce da ni, "Je ki ce wa maƙwabcinmu mai motar ɗaukar riɗi ya zo." Sannan ya ce da Inna, "Ɗauko mayafinki, ki goya yaron."

A asibiti suka sa mata robar oksijin a hanci, suka yi mata allurar da ke sa fitsari. Washegari da safe ƙafar ta soma saɓewa. Da rana wuta ta ɗauke, na zuba wa injin oksijin ido, sai na ga bai ko yi tari ba, ashe a kan sola yake. Ni da nake ta zuba wa mutane surutu kan hasken rana, ranar na fara gode masa da gaske. Kwana uku ban zauna a kujerar jinya ba. Daga gado zuwa baranda, daga baranda zuwa famfo, in dawo in ƙirga numfashinta, in sake fita. Wata nas ta ce in ban zauna ba za ta ba ni gado ni ma.

A rana ta huɗu aka yi hoton zuciya. Likitar da ke duba ta ta kira mu ofis, ni da Inna da mijin Yaya. Ta juyo mana da allon, na ga ɓangaren hagu ya buɗe ya yi faɗi, bangon yana motsi a kasalance, ba irin matsar da na zana a littafi ba. Ta ce Yaya ta tsallake wannan karon, za ta sha magani na dogon lokaci, ba gishiri mai yawa, ba kanwa, ba ruwan zafi irin wancan. Na tambaye ta kai tsaye ko wankan ne ya jawo. Ta ce ba wanda zai rantse a kan haka, akwai matan da ciwon ke kamawa ba su taɓa wankan jego ba, akwai dubbai da suka yi suna lafiya. Amma zuciyar da ta riga ta gaji, in aka ƙara mata gishiri da zafi, kaya ne a kan kaya. Na so ta ce ba laifin kowa, ko ta ce laifina ne in huta. Ba ta ce ko ɗaya ba.

Sai ta sassauta murya. Ta ce wasu zuciyarsu tana komawa daidai, wasu ba ta komawa. In ba ta koma ba, wani cikin zai iya tafiya da ita. Ta ce kada a yi maganar haihuwa yanzu, kuma mu shirya wa yiwuwar wannan yaron shi ke nan. Za ta yi wa Yaya bayani da kanta gobe, amma ya fi kyau ta fara ji daga bakin danginta.

Mijin Yaya ya fita da sauri yana goge ido da hula. Ni da Inna muka tsaya a baranda, jaririn yana bayanta. Ta daɗe tana gyara bakin zani wanda ba abin da ya same shi. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ke za ki gaya wa yarinyar nan. Ni na dama kunun, ba zan iya kallon idonta ba."

Na ce, "Inna, ni na hura wutar."

Ta ce, "Shiga dai."

Na shiga. An cire wa Yaya robar hanci, an ɗaga kan gadon, har ta ɗaura ɗankwali. Tana ganina ta yi murmushi ta ce, "Mai yanka kwaɗi, ashe kina da amfani. In na tashi yi masa ƙane ke za ki yi mini wankan, da ruwan randa."

Na zauna a bakin gadon, karo na farko a kwana huɗu. Na gaya mata. Ban yi Turanci ba, ban kawo ɓangaren hagu ba, na faɗa mata yadda aka faɗa mana. Ta saurara har na gama. Ta kalli silin, ta kalli hannunta inda aka sa allura, hawaye ya gangaro ta gefen kunne bai ko sa ta motsa ba. Na ɗauka za ta tambayi ko likitar ta tabbata, na shirya amsa.

Ta kamo hannuna ta ce, "Auta, kar ki gaya wa Inna tukuna. Za ta ce ita ce."

Na ce to. Na tashi na fito. Inna tana nan a jikin ƙofa inda na bar ta, tana jijjiga yaron, ta ɗago tana jiran in gaya mata abin da yarinyar nan ta ce.